Kafin ki sake shan maganin sanyi, ki je a gwada miki tairod

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Kin ce kina aji biyu a jami'a, al'adarki ta rikice, wani watan shiru wani watan ta zo da yawa har da gudaji, ga kasala ga ƙiba alhali ba wani cin kirki kike a hostal ba, an ce sanyi ne kin sha magani har kin gaji. Na ga wasu har sun fara turo miki lambar masu haɗi, don Allah ki dakata tukuna.

Sanyi da ƙaiƙayi yake zuwa ko ruwa mai wari ko ciwon mara, ba ya sa ƙiba da yawan barci. Abin da kika lissafa ya fi kama da matsalar tairod, wata 'yar halitta ce a gaban wuya, ita ce in ta kumbura ake cewa maƙoƙo, amma fa tana iya samun matsala wuya bai tashi ba ko kaɗan, ni haka tawa ta yi min lokacin ina Kadpoly, a aji nake barci, gashi na bin mataji, ana zafin Afrilu ni ina neman rigar sanyi. In aikinta ya yi ƙasa komai na jiki sai ya yi nawa, har fitar ƙwai, shi ya sa al'ada take rikicewa, wasu ma har ruwan nono suke gani ba aure ba ciki. In kuma ya yi yawa sai akasin haka, rama duk da ana ci, faɗuwar gaba, zufa, rawar hannu, jinin ya ragu sosai.

Ni ba likita ba ce, kuma ba duk rikicewar al'ada ce tairod ba, akwai PCOS, wato matsalar sinadaran jikin mace da ke hana ƙwai fita a kan lokaci, akwai damuwar jarabawa ma. Gwajin jini ne ke rabewa. Ki fara da asibitin makarantarku ko ki je asibitin Barau Dikko a Kaduna, ki ce a yi miki gwajin tairod, wato TSH da T4, a haɗa da PCV, gwajin yawan jini, tunda kina zubar da jini, in sun ga dama su ƙara sikanin. In abin na buƙatar ƙwararru akwai su a asibitin koyarwa na Shika, Zariya.

Maganin wadda aikinta ya yi ƙasa ƙwaya ce ƙarama, tairoksin, da asuba ake sha da ruwa zalla kafin karin kumallo da kamar minti 30 zuwa awa ɗaya. Kar ki haɗa da maganin ƙarin jini, ki ba su tazarar awa 4 don yana hana ta shiga jiki. Bayan sati 6 zuwa 8 ake maimaita gwaji a daidaita, kuma kar ki daina don kin ji sauƙi, kar ki saya a kemis da kanki.

Maganar haihuwa da kika ce tana hana ki barci, wallahi na san wannan tsoron. In aka bar matsalar tairod ba magani tana iya kawo jinkirin ciki ko ɓari, amma in aka saita mata suna haihuwa lafiya lau, ni yanzu da yarana Alhamdulillah. Sai dai duk ranar da Allah ya kawo ciki ki sanar da likita da wuri, yawanci ana ƙara maganin. Ki fara rubuta ranakun al'adarki daga yau, ki tafi da su asibiti. Allah ya ba ki lafiya.