Tambaya da Amsa: Dattijon da ke makoki a ɓoye

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce mai duba tsofaffi a gidajensu. Wani dattijo mai shekara 74 ya rasa mutumin da suke zaune tare wata huɗu da suka wuce. Ya sirranta mini cewa masoyinsa ne na tsawon shekara 30, dangi kuwa sun ɗauka aboki ne kawai. Yanzu ba ya ci sosai, ba ya fita. Yaya zan taimaka masa?

Amsa: 'Yar'uwa, fara da riƙe amanar da ya ba ki. Kada dangi su ji daga bakinki, kada ki rubuta a fayil sai da yardarsa. A ƙasashe da dama tonuwar wannan sirri kan jawo ɗauri.

Son jinsinsa ba shi ne ciwon ba; Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire shi daga jerin cututtuka tun 1990. Abin da ke cin ransa shi ne rashin da ba wanda ya yi masa ta'aziyyarsa. Tsofaffi irinsa, maza da mata, sun fi sauran tsofaffi zaman kaɗaici, da yawa ba su da 'ya'ya, madogararsu abokai ne sa'o'insu, su ma mutuwa na ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Don haka ki riƙa ambatar mamacin da sunansa, ki bar shi ya ba ki labarinsa. Wataƙila ke kaɗai ce zai iya yin kuka a gabanki.

Sai ki tambaye shi: cikin mako biyun nan, kusan kullum yana jin ƙunci? Abubuwan da yake so sun fita daga ransa? In ya amsa e, ki haɗa shi da likita. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. In akwai, a ga likita a ranar, a kwashe tarin magungunan da ke ɗakinsa. Ki riƙa auna nauyinsa duk mako: ramar kashi 5 cikin 100 a wata shida abin dubawa ce. Ciwon damuwa a jikin tsoho kan zo da mantuwa da ciwon jiki, har a ɗauka gigin tsufa ne.

Wani kuskure da akan yi shi ne tura shi cikin taro, inda dole ya ci gaba da ɓoyewa, ya dawo a gajiye. Gara ya zaɓi mutum biyu da suka san gaskiyarsa, a tsayar da ranar ziyara ko waya kowane mako, kuma ya faɗi wanda za a kira idan jiki ya rikice.