Amsa: abinci mai ɗumama jiki lokacin sanyi

'Yar'uwa kin ce kina son abin da za ki dafa da sanyin nan wanda zai ɗumama jiki ya kuma riƙe ciki har safe. Ki yi romon nama mai ƙashi da dankalin turawa da karas, tukunya ɗaya ta gama miki komai. Ki fara soya naman ya ɗan yi ja, ki zuba albasa, citta da tafarnuwa, sai ruwa ya ɗan rufe shi kawai.

Amma fa sharaɗin shi ne ƙaramar wuta, kamar awa 2, don a hankali jijiyar naman ke narkewa ta ba romon kauri, in kika cika wuta naman yakan yi tauri romon kuma ya fito tsululu, na sha ganin haka wajen masu sauri. Dankalin sai saura minti 25 za ki sa shi, in ya nuna ki murƙushe guda 2 ko 3 a ciki, wallahi ba kya buƙatar fulawa.