Gonguzo ba kullum gunaguni ba ne

Ɗana, ka tambaye ni ko duk inda ka ga gonguzo a Helenancin Sabon Alkawari sai ka sa "gunaguni". A'a. Furucin harafin gamma biyu a jere da ke cikin kalmar kuwa karatun 'yan aji ɗaya ne, ba zan ɓata bakina a kansa ba.

Kalmar maganar ƙasa-ƙasa take nufi, abin da ke biye da ita shi ke nuna zafinta. A Matiyu 20:11 kalmar da ke biye ita ce kata, wato "gāba da", ma'aikatan gonar inabi na gāba da maigida, kuma sigar egonguzon ta abin da aka daɗe ana yi ce, sai ka ce "suka yi ta gunaguni". A Luka 5:30 pros ne, wato "zuwa ga", wurin almajirai Farisiyawa suka kai ƙorafin. Peri, "game da", wanda ya zo a Yahaya 6:41 da 7:32, ba ya ɗaukar ɓangare. A Yahaya 6:41 fushi ne, amma a 7:32 aya ta 31 ta riga ta ce da yawa cikin taron sun gaskata da Yesu. Wanda ya gaskata zai yi gunaguni? Raɗe-raɗi suke yi don tsoron manya.

Wannan ayar ta Yahaya 7:32 ta ci min kuɗi. Wani mai buga littattafai ya ba ni aikin fassara sharhin Bisharar Yahaya, ya biya rabi, sauran sai an gama. Na bar noman damina saboda shi. Da na miƙa, sai ya ba ɗan ƙanensa da ya fito daga makarantar tauhidi ya duba. Yaron ya buɗe ƙamus, ya ga ma'anar farko, ya bi littafin kaf ya mai da kowane gonguzo "gunaguni", har da 7:32. Kawun ya kira ni ya ce ba na tsayawa kan kalma ɗaya, aikina ya sha gyara, don haka babu cikon kuɗi. Na ce a kawo Helenancin mu karanta a gaban dattawa, ya ƙi. Aka buga haka da sunana a bango, masu bi sun zama masu ƙorafi. Har yau abin na ci min rai.

Ku yaran yanzu haka kuke, ku latsa waya ku ɗauki ma'anar da ta fara fitowa. Kalmar nan sau 8 kacal ta zo a Sabon Alkawari. Karanta kowane wuri da ayoyin da ke kewaye da shi, ka kawo min fassararka ranar Asabar, da hannu za ka rubuta.