Rumbunmu na ƙarƙashin bene

Ɗan'uwa, tun da ka koma Kano maganarka take yi mini yawo a ka. Ka tsaya a ƙofar gidana a nan Makka, ka ga na durƙusa ina jawo buhun shinkafa daga ƙarƙashin matakala, sai ka kwashe da dariya ka ce, "Ku kam kun zama Larabawa. Ba zaure, ba tsakar gida, ba rumbu, abinci ma a rami kuke ɓoyewa kamar gafiya." Ni ma na yi dariya, don baƙona ne kai, ga azumi a baki. To, an yi salla, bari in ba ka amsa.

Makka kwari ce tsakanin duwatsu. Fili a nan ba irin naku ba ne da mutum zai auna da taku ya zagaye da darni. Wanda ya sami ɗan tafin hannu sai ya hau sama, kuma haka gidajen garin suke tun kafin a haifi iyayenmu. Matakala, wadda muke kira daraj, tana cin wuri, ƙarƙashinta kuma lungu ne mai kusurwa uku: tsayin mutum a gefe ɗaya, ya yi ta sunkuyawa har ya ƙare a wurin da kyanwa kaɗai ke shiga. A gidaje da yawa nan ake ajiye dinamo, injin da ke tura ruwa daga tankin ƙasa zuwa na saman rufi, sauran wurin kuma a bar wa ƙura da tsofaffin takalma.

Da farko najjar na kira, wato kafinta. Ya faɗi kuɗin da ya sa na ce masa sai na neme shi. Na sayo katako na ce da kaina zan yi, kuma na sha kunya. Awo ɗaya na yi daga baki, na ɗauka ciki ma haka yake, ashe kankaren bene ba ya tafiya a miƙe. Da na yanka allon gefe sai ya ƙi shiga. Kuskure na biyu ya fi zafi. Na sayi katakon nan na garin itace da ake matsewa, mai sheƙi da arha. Rana ɗaya dinamo ya yi yoyo cikin dare, kafin asuba katakon ya sha ruwa ya kumbura kamar fanke. Uwargida ba ta ce komai ba, kallo kawai ta yi, ka dai san irin kallon.

A karo na biyu na yi hankali. Na fara yanka kwali daidai da gangaren matakalar, na gwada shi ciki da waje har ya zauna, sannan na ɗora shi a kan katako na zana. Katako mai falle-falle na saya, kaurin milimita 18, na ɗaga shi daga ƙasa yatsa huɗu don ko ruwa ya sake zuba ya wuce ta ƙasa. Wurin da ya fi tsayi na yi masa ƙofa da kantoci. Tsakiya, inda zurfi ya yi yawa hannu ba ya kaiwa, na yi babbar durowa na sa mata tayoyi, tana ɗaukar buhu mai kilo 40, yaro ma yana iya jawo ta. Na hudahuda ƙofar don iska, saboda da bazara zafin Makka kan haura digiri 45, kuma lungun da ba ya numfashi gidan kyankyaso ne. Tukunyar gas ban yarda ta kwana ciki ba, ga injin lantarki a gefe. Dinamon kuma na bar masa ƙofarsa daban, don mai gyara ya isa gare shi ba sai an rushe komai ba.

Abin da ya ba ni haushi shi ne ka ga shinkafar, ba ka leƙa kantar sama ba. Da ka ga kuka, busasshiyar kuɓewa, gero, yajin da alhazai ke kawo mana, da daddawa a gwangwani cikin gwangwani, don matar maƙwabcina ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko wani abu ya mutu a bene. Da ka ga jarkokin Zamzam. A can ƙurya kuma, inda rufin ya sunkuya, akwai turmin kakarmu kwance a gefensa. A Wad Madani, wani gari a Sudan, aka sassaƙa shi. Kakanmu ya baro ƙasar Katsina a ƙafa, ya ratsa Chadi, ya bi ta El Fasher da El Obeid, ya tsaya tsintar auduga a gonakin Jazira da aka buɗe a 1925, sai da ya tara kuɗin jirgin ruwa ya tsallako daga Sawakin. Ba shi ya fara ba. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, jama'arsa sun ci gaba da nausawa gabas, ɗansa ya kafa garin Mai Wurno a Sudan. Amma a bakinku duk wanda ke zaune a nan takari ne, kamar jiya ya zo Umara ya ɓuya. Akwai masu igama, wato takardar izinin zama, akwai marasa ita, akwai kuma mu da muke 'yan ƙasa tun iyayenmu. A gasar cin kofin duniya ta 2018 'yan wasa uku ne masu sunan Hawsawi, wato Bahaushe, a tawagar Saudiyya, kyaftin ɗin ma, Usama Hawsawi, haifaffen Makka ne.

Na san inda ka dosa, maganar 'yata ce. E, Balarabe ta aura, ɗan Ɗa'if. Ba zan yi maka ƙarya ba, ba kowane gidan Larabawa ne zai karɓi surukin baƙar fata ba, mu ma mun daɗe muna aure ya-mu-ya-mu. Wannan yaron dai ya zo da iyayensa, ya zauna a ƙasa, ya ci tuwo da hannu. Abin da ya sa uwarta kuka daban ne. A nan ango ne ke yin kayan gida, ita kuwa shekara ashirin tana tara wa yarinya kwalla da samira don jere. Ta kai mata, gidan ba wurin sa su, bayan wata biyu suka dawo. Suna nan a kanta ta biyu, naɗe da tsohon zani, ba wanda ya isa ya taɓa.

Jikokin da Larabci suke amsa mini, "Jaddi" suke kirana, wato kakana, wannan yana ci mini rai. Amma in kakarsu ta daka tsawa da Hausa ba sa neman tafinta. Kuma na ji yaranka a waya, rabin zancensu Turanci ne, ban ce sun zama Turawa ba.

In Allah ya kawo ka baɗi, ka taho da daddawar kalwa, ta gwangwanin ta kusa ƙarewa, da kuka mai kore sosai. Ka ninka leda uku, kada su hana ka a filin jirgi. A gaida Hajiya da yara.