Muzuru da shirwa sun ƙarar min da kaji, ya halatta in sa musu guba?

TAMBAYA:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Dan Allah ina kiwon kajin Hausa ne a gida, sake su nake suna yawonsu, to bana kazata ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki 11 yanzu wlh saura 3, shirwa ta sure wasu da rana, da daddare kuma wani muzuru ke haurowa ta katanga, sannan magen maƙociyata ma na taɓa kama ta da ɗan tsako a baki. Na yi wa maigidana maganar gyaran akurki sai yace ai zakaran da Allah ya nufa da cara ana muzuru ana shaho sai ya yi. Wata ƙawata tace in sa shinkafar ɓera a cikin kan kifi in ajiye musu, shin ya halatta? Sannan akwai kazar da na ƙwato a bakin muzurun da sauran numfashinta na sa aka yanka, ta ciwu?

AMSA:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya mayar miki da alheri 'yar uwa, 'yan tsaki 8 ba ƙaramar asara bace ga mace mai ƙaramin jari, da yawa daga cikin iyayenmu mata da kuɗin kaza suke sayen sabulu da maganin yara.

Kafin muzo kan guba bari mu fara da maganar maigida, don nan ne tushen abun. Karin maganar da ya kawo gaskiya ce ta fuskar ƙaddara, amma ba hujja bace ta barin akurki a ɓalle. Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) akan raƙumarsa, in ɗaure ta in yi tawakkali ko in sake ta in yi tawakkali, sai yace masa ɗaure ta sannan kayi tawakkali. Kuma dabbar da ka mallaka amana ce a wuyanka, cinta da shanta da wurin kwananta. Hadisin matar nan da ta shiga wuta saboda mage yana cikin Bukhari da Muslim, ta tsare ta bata ciyar da ita ba kuma bata sake ta taci ƙwarin ƙasa ba. A ciki akwai dalilin cewa sakin dabba ta nemi abincinta halal ne, don haka sakin kaji ba laifi, amma kuma akwai dalilin cewa za a tambayi mutum akan dabbar da ke hannunsa. Kaza da magariba bata gani sosai, bata iya gudu, tsugunawa kawai take, duk wanda ya barta a fili yasan abinda zai biyo baya.

Ina tuna mahaifiyarmu Allah ya jiƙanta, ana kiran magariba zaka ganta a bakin akurki tana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, in ɗaya bata cika ba sai mun zagaya bayan rumbu mun nemo ta, sannan ta toshe ƙofar ta jingina dutsen niƙa. Mai 'yan tsaki kuwa ita da 'ya'yanta ƙarƙashin babban kwando suke wuni a inuwa, da ɗan tsakin hatsi da ruwa a kasko, sai sun yi fuka-fuki take sakinsu. Wannan shine maganin shirwa na gaskiya, don ita ƙanana take ɗauka kuma a sarari take surarsu, in suka kwana biyu suka yi kamar wata ɗaya zuwa sati shida sun fara fin ƙarfinta. Akurkin kuma a sa masa waya mai ƙananan ido, a ɗan ɗaga shi daga ƙasa, a toshe ramuka, kuma a daina barin dusa tana kwana a warwatse don ita ke jawo ɓera da gafiya, su kuma su jawo maciji. Ki faɗa wa maigida wannan cikin ladabi, in bai samu dama ba kaza ɗaya in kika sayar zata sayi wayar.

To yanzu hukuncin kashe su. Shirwa akwai nassi akanta kai tsaye, Nana A'isha (RA) ta ruwaito a Bukhari da Muslim cewa dabbobi biyar fasiƙai ne ana kashe su ko a cikin Harami, hankaka da shirwa da kunama da ɓera da kare mai cizo, a wata ruwayar Muslim an ambaci maciji. Don haka wanda ya harbi shirwar da ta addabi gida ba shi da laifi. Mage daban take. Annabi (SAW) yace ita ba najasa bace, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku, hadisin Abu Ƙatada ne yana cikin Muwaɗɗa, saboda haka asali ba a kashe ta. Amma muzurun da ya riƙa, ya mayar da cin kaji sana'a, malamai sun ce ana tunkuɗe cutarwarsa da mafi sauƙin abinda zai tunkuɗe ta, a fara da rufe kajin, a kora, a kama shi da tarkon keji a kai shi nesa da gari, in duk wannan bai yi ba to ya halatta a kashe shi, shi wannan ɗin da aka tabbatar, ba duk magen da ta gifta ba. Tunku ma haka.

Guba kuwa gaskiya ban halatta miki ba, kuma ina roƙonki kada ki sa. Ita guba bata san muzuru ba, duk wanda ya fara isa wajen shi zata ci. Kan kifin nan da za ki ajiye a gindin katanga, da asuba kajinki ne zasu fara tsattsagarsa, ko na maƙota, ko yaro mai rarrafe ya ɗauka ya kai baki, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba muna jin gidajen da shinkafar ɓera ko fiya-fiya ta jefa cikin makoki. Annabi (SAW) yace babu cuta babu cutarwa. Sannan ita kanta dabbar azaba take sha, ta ja jiki tana amai tana murƙususu kafin rai ya fita, alhali Muslim ya ruwaito daga Shaddad bin Aus cewa Allah ya wajabta kyautatawa akan komai, in zaku kashe ku kyautata kisan. In ta mutu a bola kuma sai ungulu ko kare ko wata kazar taci gawar gubar ta ƙara gaba. Haka nan abinda wasu samari keyi na zuba wa muzuru fetur su kunna masa wuta haramun ne, babu mai azaba da wuta sai Ubangijin wuta.

Magen maƙociya kuma kada ki taɓa ta a ɓoye, haƙƙin maƙotaka ya fi 'yan tsaki. Ki shiga ki gaya mata da fuska a sake. Ibn Ƙudama a cikin Al-Mugni yace wanda ya ajiye magen da ta saba cin 'yan tsakin mutane zai biya abinda ta ɓarnatar, da dare ne ko da rana, amma in ba al'adarta bace babu biya, malamanmu na Malikiyya kuma suna ɗora lamuni, wato biyan ɓarna, akan mai dabba mai cutarwa bayan an yi masa gargaɗi. Kenan sau ɗayan nan da kika gani babu komai akanta, in kin sanar da ita ta ci gaba da sakaci to kina da haƙƙi, in kika yafe kuma ya fi. Ke ma ki duba naki ɓangaren, in kajinki na shiga suna tone mata shanyar gero ko suna ɓata mata tsakar gida to ki tsare su a lokacin shanyar.

Wasu matan suna shafa wa 'yan tsaki launi, shuɗi ko ja, don shirwa ta kasa gane su. Ba laifi in launin baya cutar dasu kuma a kauce wa ido da baki, wannan bai shiga canza halittar Allah ba, Anas ya ga Annabi (SAW) da kansa yana yi wa raƙuman zakka alama.

Sai wadda kika ƙwato. Allah yace a Suratul Ma'ida aya ta 3, cikin abubuwan da aka haramta, da abinda naman daji ya ci sai dai wanda kuka riska kuka yanka. A mashhurin mazhabar Malik ana duba inda aka ji mata ciwo, in an huda mata ɗaya daga cikin makasa, wato lakar wuya ko ta baya ta tsinke, ko ƙwaƙwalwa ta tarwatse, ko kayan ciki sun zubo, ko jijiyar wuya ta yanke, ko hanji ya huje, to yanka baya halatta ta ko da tana motsi, hukuncin mushe gareta. In kuwa fiffike ya kama ko cinya, ko ya yage fata kawai, aka yanka ta da rai a jikinta ta yi shure-shure, to halal ce ku ci abinku. Akwai malaman da suka ce muddin da sauran rai aka yanka ta ciwu ko ina raunin yake, saboda haka in kun riga kun cinye baku san wannan bayanin ba babu komai akanku. Muzuru dai yawanci wuya yake cafka, don haka gaba in ta sake faruwa a buɗe gashin wuyan a duba da kyau kafin a sa wuƙa.

Wallahu a'alam.