Amsa: Tsohuwar DVR ta ƙi nuna hoto a Chrome

Kana tambaya ne yadda za ka kalli kyamarorin tsohuwar DVR ɗinka (na'urar da ke naɗar bidiyon kyamarorin tsaro) tunda Chrome sai ya ta cewa ka sauke filogin, allon kuma baƙi ƙirin. Ana iya yi, buɗe ta da Microsoft Edge, ka shiga saituna ka kunna IE mode (yanayin Internet Explorer) sannan ka sa adireshin IP ɗinta a ciki. Yawancin tsofaffin nan da filogin ɗin ActiveX suke aiki, Internet Explorer ne ke karɓarsa, shi kuwa an yi masa ritaya a 2022. In kallo kawai kake so ma manhajar kallon bidiyo ta VLC za ta jawo hoton ta RTSP (hanyar turo bidiyo kai tsaye), galibi a fot 554.

Amma don Allah kar ka buɗe mata fot a rauta wai don ka riƙa gani daga waje, ni na taɓa yi, da na duba tarihin shiga na tarar da layi-layi na masu gwada shiga da sunan admin cikin tsakar dare, hankalina ya tashi ƙwarai. Irin waɗannan na'urorin ne muguwar manhajar nan Mirai ta kwashe a 2016. Canja faswod ɗin da ta zo da shi, kashe UPnP (mai buɗe fot da kansa a rauta), in kana nesa ka shigo ta VPN.