Filin Tambaya da Amsa: Karin Magana, Salon Magana da Gatse

Tambaya: Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Ɗalibaina suna cakuɗa karin magana da salon magana da karin harshe. Yaya zan raba musu su?

Amsa: Malam, fara cire karin harshe, don shi ba hikimar zance ba ne, bambancin Hausar yanki ne. Bakano ya ce "fara", Basakkwace ya ce "hwara". Bakano ya ce "na faɗa wa Audu", mutumin Sakkwato ya sa "ma" a gurbin "wa". Daidaitacciyar Hausa ta littattafan makaranta ta fi jingina da Kananci.

Sauran biyun su ne masu rikitarwa, amma akwai gwaji mai sauƙi. Karin magana cikakken zance ne, yana tsayawa da kansa, sau da yawa ɓangare biyu: "Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki." Salon magana kuwa guntu ne, sai an saka shi cikin jimla, kuma yana karɓar wakilin suna da lokaci: na ci rani a Legas, za su tafi cin rani bayan girbi. Ka rubuta "ruwan ido" a allo ka tambayi yara ma'anarsa. Wanda ya ce hawaye ya faɗa ramin da ake faɗawa, wato fassara kalma ɗaya-ɗaya. Ruwan ido shi ne kasa zaɓe, kamar mai sayen tunkiya da ya zaga kara sau uku bai tsai da ɗaya ba. Haka "dogon hannu": sata ake nufi, ba tsawon gaɓa ba. Sa su canza kalma guda, su ce "miƙaƙƙen hannu", su ji yadda ma'anar ta watse.

Tambaya: Ni matar aure ce a Rano. Surukata ta ce min, "To, ci gaba da barin hatsin a waje." Gatse ne ko habaici?

Amsa: Gatse ne, 'yar uwa, kuma ki hanzarta kwashe hatsin. Gatse faɗar kishiyar abin da ake nufi ne, kai tsaye ga wanda ake yi wa, kuma murya ce ke tona shi. Habaici ba ya kama suna. Ana jefa shi ne a iska, a bakin turmi ko rijiya, mai shi ya tsinci kayansa. Shi ya sa manya ke hana tanka shi: da kin amsa, kin yarda da ke ake, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Zambo ya fi su duka zafi, don yana siffanta mutum har a gane shi, irin wanda makaɗan fada ke yi wa abokan hamayyar sarki.